Littafin gyaran wincin Hilux, daga hunturu zuwa ƙarshen damina

3 ga Fabrairu, 2024

Yau na kwance wincin daga gaban motar. Wata shida ke nan ina wuce shi ina hararar sa, tun ranar da ya kunyata ni cikin watan Agusta. Motar ta kafe a laka har cikinta ya zauna, a hanyar gonar shinkafarmu bayan an wuce Auyo. Na fito da rimot da isata, ga mutane sun taru suna kallo, na danna. Sai "ƙat". Na sake dannawa, "ƙat". Iyakar abin da ya ce ke nan. Sai da muka yi awa huɗu kafin aka samo tarakta, mai taraktar kuwa ya ga na shiga hannu, bai rage mini ko sisi ba.

Ga wanda bai san shi ba, winci inji ne da ake ɗaurawa a gaban mota. Yana shan wuta daga batir, yana naɗe igiyar ƙarfe a jikin wata ganga. Ka ɗaure bakin igiyar a bishiya, ya jawo motar ta fito. Nawa mai araha ne, ƙirar Chaina. An rubuta fam 12,000 a jikinsa, wajen kilo 5,400 ke nan, igiyarsa mita 26, kaurinta milimita 9.5. Shekara biyu da suka wuce na saye shi. Na kunna shi sau biyu a makon farko don abokai su gani, daga nan ban ƙara taɓa rimot ɗin ba sai ranar da na kafe.

Bakanikena ya ce, "Alhaji, araha ba ta ado. Ka jefar da shi ka sayi Warn ɗan Amurka ka huta." Na nemi kuɗin Warn a dala, na lissafa da canjin yau, sai na ga gara in koyi gyara. Ba a fafa gora ranar tafiya, don haka ina so in gama kafin ruwa ya sauka. Zan riƙa rubutawa a nan don kada in manta abin da na yi.

Noti huɗu ke riƙe da shi a kan bamba. Uku sun kwance lafiya, na huɗun ya ci tsatsa, sai da aka yanke shi.

10 ga Fabrairu

Ɓangaren giya muka buɗe, ni da ɗan ƙanwata da ke taya ni ranar Asabar. Na ce masa duk abin da muka zaro ya ɗauki hotonsa da waya kafin mu ajiye, mu kuma jera su a kan buhu bi da bi. Wannan shawarar ita ta cece mu da yamma.

Tsarin ciki ya burge ni, ban ɓoye ba. Hawa uku ne. A kowane hawa akwai ƙaramar giya a tsakiya, wasu suna zagaye ta, dukkansu a cikin wani zobe mai haƙora. Takardar da ta zo da shi ta ce 265 zuwa 1, wato sai moton ya juya sau 265 kafin ganga ta juya sau ɗaya. Daga nan ƙarfin yake fitowa, daga nan kuma nawarsa take. Na duba haƙoran ɗaya bayan ɗaya a cikin rana: babu wanda ya karye, babu wanda ya cinye. Ƙarfen ba shi da laifi.

Giris ɗin ne abin takaici. Ɗan abin da suka shafa daga masana'anta bai fi cikin cokali biyu ba, shi ma ya gudu ya taru a gefe guda ya bushe, launinsa kamar daddawa, taurinsa kamar ƙuli-ƙuli. Hawa na uku, wanda ya fi kowanne ɗaukar nauyi, a bushe yake ƙayau. Ƙasan kwanon kuwa akwai wani jan layi na tsatsa da ke nuna inda ruwa ya kwanta ya daɗe. Yaron ya sa yatsa ya lakato ya nuna mini.

"Kawu, wannan ai ba a taɓa yi masa sabis ba."

"To wa zai yi masa, in ba ni ba?"

Ya yi shiru, amma na ga yana danne dariya.

Muka wanke komai da kananzir da tsohon burushin haƙori, muka shanya. Na sa baƙin giris mai moli, irin wanda ake sa wa shaf ɗin tayar gaba, na bi kowane haƙori da shi amma ban cika kwanon dam ba, don in ya yi yawa sakin ganga da hannu yakan yi nauyi. Birkin yana cikin gangar kanta. Shi na goge shi ne kawai, ban bari giris ya taɓa fuskar da ke kamawa ba. Wajen mayarwa mun juya wani washa baibai, murfi ya ƙi zama. Hoton waya ya raba gardama.

Hukuncina na yau: ba a yi wa abin nan mugun ƙira ba, ba a dai gama shi ba aka sa a kwali.

17 ga Fabrairu

Na kai moton wurin mai rewayarmu. Dattijo ne, shekarunsa a kan kik da altaneta sun fi shekarun motata. Yana buɗewa ya ce, "Ai wannan kik ne da ya yi ƙiba." Burushin kabon huɗu ne a ciki, biyu suna motsi, ɗaya yana nauyi, ɗaya ya maƙale a gidansa saboda tsatsa, ko taɓa zoben jan ƙarfen ba ya yi. Ya fiddo shi, ya kankare gidan, ya goge zoben da samfefa mai laushi har ya yi ja, ya bi tsagoginsa da bakin reza.

Ya gwada shi kai tsaye da batir. Ƙusoshin wuta uku ne a jikin moton: A, F1 da F2. Ya ba jikinsa nagetif, ya haɗa A da F1, ya taɓa wuta a F2, sai ya tashi da ƙara har ya yi tsalle a kan benci. Ya sauya, A da F2, wuta a F1, ya juya ta ɗaya ɓangaren. Moto lafiya lau.

Da na ɗauki sifana zan ɗaure waya, ya riƙe hannuna. "Alhaji, sifana biyu. Ɗaya ka riƙe notin ƙasa, ɗaya ka ɗaure na sama. In ƙusar ta juya ta tsinke haɗin ciki, kai da kanka ka kashe shi." Na tuna yadda na ɗaure su da farko da sifana ɗaya da ƙarfin tuwo. Allah ne ya kiyaye.

2 ga Maris

An gano mai cewa "ƙat". Akwatin roba da ke saman wincin yana ɗauke da salanoid huɗu, su ne ke ba moto wuta su kuma sauya masa hanya. Akwatin ba ya hana ruwa, ba ya hana ƙura. Biyu daga cikinsu bakinsu ya yi kore, muka fasa ɗaya muka ga farantin ciki ya ƙone ya yi rami-rami. Yana bugawa, amma wuta ba ta ƙetarawa.

Dattijon ya ce ƙin tashi ma rahama ce. Wanda ya fi muni shi ne bakin ya narke ya manne yana kan ja, ka saki rimot winci ya ƙi tsayawa, yana ta naɗe igiya da duk abin da ke jikinta. Wannan maganar ta hana ni barci. Na yanke shawara biyu: zan maye gurbin salanoid huɗun da kwantakta guda rufaffiya, irin samfurin Albright na Ingila da ake kwaikwayo, mai ɗaukar amfiya 500; zan kuma sa makunnin yanke wuta kusa da batir, wanda hannu zai kai gare shi da sauri. Duka biyun a cikin bonet za su zauna, sama da inda ruwa ke kaiwa.

23 ga Maris

Azumi da zafin bazara, ba a yi komai ba. Kwantakta ta iso daga Legas, tana cikin ledarta.

13 ga Afrilu

An sha Sallah, an dawo aiki. Na zaci haɗa waya ne kawai, sai wata ta ɓullo.

Da muka yanke bakin tsohuwar jar wayar don sa sabon kai, yaron ya ce, "Kawu, me ya sa cikinta fari ne?" Na kankare silin da wuƙa. Alminiyom ne aka yi wa wankan jan ƙarfe. A ido sai ka rantse ta gaske ce, a hannu kuwa ba ta da nauyi, kuma kusa da kai ta fara zama gari. Alminiyom ba ya ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe, winci kuma in yana ja da gaske yakan sha sama da amfiya 400. Altanetar motata ko 100 ba ta kai ba, ragowar duk daga batir yake fitowa. Kowace tangarɗa a hanyar wutar nan zafi take zama, moto kuma ya zauna da yunwa.

Na je Ƙofar Ruwa na sayo wayar walda mai kauri 35 mm², na ɗaga ta a hannu na kuma sa aka yanka mini bakinta na gani kafin in biya. Aka matse kawunan jan ƙarfe da injin matsa, ba da guduma ba, aka rufe da roba mai tsukewa da zafi.

Laifi na biyu nawa ne, ba na masana'anta ba. Ranar da aka fara ɗaura shi, baƙar wayar ba ta kai batir ba, sai na ce a ɗaure ta a jikin bamba, ai duk ƙarfe ne. Bamba mai fenti, noti mai tsatsa. Yanzu na kai ta har kan nagetif ɗin batir. Ƙaramar wayar nagetif ta kwantakta ma na kai ta can.

Muka ajiye wincin a ƙasa muka gwada. Batir a kashe ya nuna volt 12.6, da aka tayar da mota 14.1. Na danna rimot. Karon farko tun Agusta ganga ta juya, gaba da baya, da wani sauti mai laushi da ban taɓa jin ya yi ba ko yana sabo.

4 ga Mayu

Igiya. Mun warware ta duka a tsakar gida, mita 26, na bi ta da safar fata taku-taku. Wuri biyu ta lanƙwashe ta baje, wajen mita uku daga ƙugiya kuma silin waya sun tsinke sun miƙe kamar ƙaya. Ɗaya ya huda safar ya sami ɗan yatsana. Dalili a fili yake. Yadda ta zo daga masana'anta a sake aka naɗe ta, ni kuma na ja da ita a haka a makon farko, sai layin sama ya nutse cikin na ƙasa ya murƙushe shi.

Na daɗe ina sake-sake a kan igiyar zare, irin ta Dyneema. Ba ta da nauyi, ba ta sukar hannu, in ta tsinke ba ta yin bulala kamar ta ƙarfe. Amma zarenta yana narkewa a wajen digiri 145, yana kuma raunana tun kafin nan, ga birkin wincina a cikin ganga yake, in ana sakin igiya da nauyi a kai gangar takan yi zafi ƙwarai. Ga ranar Jigawa da ke cin zare, ga yashi da ke shiga tsakaninsa yana yanka. Ga shi kuma dole in sauya bakin da igiya ke bi, don rolata ta yi kaushi da tsatsa. Na haɗa lissafi na zauna a kan ta ƙarfe. Wanda zai iya wanke igiya bayan kowace fita, ya lulluɓe ta daga rana, ta zare ta fi masa. Ni na san halina.

Aka yanke mita huɗu da suka lalace, aka sake ɗaure ƙugiya a wurin masu igiyar kiren da matsattsen zobe. Lanƙwasar da ta rage ba ta tsinke ko sili ɗaya ba, na yi mata alama zan riƙa dubawa. Na shafa wa igiyar mai kaɗan da tsumma.

Naɗewar ita ce aikin. Mun je bayan gari inda akwai ɗan gangare da wani ƙaton dalbejiya. Na zagaya bishiyar da faffaɗan bel, don igiyar ƙarfe kan yanke ɓawo ta kashe ta, ita ma ta lalace. Na bar zagaye biyar a ganga, yaron ya zauna a sitiyari mota a firi yana ɗan taka birki, winci ya riƙa jan motar yana hawa da ita, ni ina gefe ina kallon kowane zagaye ya kwanta jikin ɗan'uwansa. Sau uku ta hau kan juna, sau uku muka saki muka sake. Mita biyun ƙarshe na fesa musu jan fenti: in ja ya bayyana, a daina warwarewa, don ɗan notin da ke riƙe da wutsiyar igiyar ba shi ke ɗaukar mota ba, zagayen nan biyar ne.

Wani abu da na karanta a takardar sai yanzu, bayan shekara biyu: fam 12,000 ɗin nan a layin farko ne kawai, lokacin da igiya ke kan ƙarfen ganga. A layi na huɗu bai kai 7,000 ba. Ashe duk wanda ya warware mita biyar ya ɗaure a bishiyar kusa, kusan rabin winci yake aiki da shi.

1 ga Yuni

An mayar da shi kan mota. Sababbin noti M10 masu lamba 8.8 a kai, da faranti mai kaurin milimita 6 da mai walda ya haɗa da cesis. Na bi duk mahaɗin moto da na giya da gam na silikon, na toshe ko'ina. Na sayo fuli mai buɗewa, wato ƙaramar tayar da igiya ke zagayawa, da shakul biyu, wato ƙarfen haɗa igiya da bel, masu tambarin tan 4.75. Tela ya ɗinka masa riga da tamfol.

Na kuma sa wa kaina doka: kowace Asabar ta farkon wata zan warware mita goma in naɗe, in ji sautinsa, in taɓa kawunan waya.

20 ga Yuli

Gwajin farko na gaske, kuma ba motata ba ce. Wata a-kori-kura ce ɗauke da takin zamani ta zurma a gefen hanya kafin Kafin Hausa. Na tsaya nesa da ita don in sami igiya mai yawa a waje, aka sa duwatsu a tayoyina, na ɗora tsohon bargo a tsakiyar igiyar don in ta tsinke ya danne ta.

Wahalar ba ta injin ba ce, ta jama'a ce. Yara sun jeru a bakin igiyar kamar masu kallon dambe, wani ma ya ƙetara ta tana miƙe. Na kashe makunni na ce ba zan ja ba sai kowa ya koma bayan wancan kukar. Wani dattijo ya taya ni da sandarsa.

Ja na farko moton ya fara nishi, sautinsa ya yi ƙasa, na saki. Direban ya ce, "Oga, ka ci gaba mana, ta kusa!" Na ce a sauke buhu goma, a sa shebur a gaban tayoyi. Sannan na rataya fuli a motarsa na dawo da ƙugiya jikin tawa. Saurin ya ragu da rabi, ƙarfin ya ninka, igiya kuma ta ƙara fita daga ganga. Ina ja na daƙiƙa talatin zuwa arba'in, in tsaya in ɗora tafin hannu a moton; in ban iya barin hannuna a kai ba, mu jira. Injin mota na kan aiki, yaron yana ɗan ba shi wuta. A ja na biyar ta fito. Wayoyin da ɗumi kawai.

17 ga Agusta

Ranar Laraba ni na kafe, kusan wurin bara. Babu bishiya ko ɗaya, sai shinkafa da ruwa. Muka auna mita ashirin gaba inda ƙasa ta ɗan yi tudu, muka haƙa rami har ƙugu da siririn lambatu inda igiya za ta bi, muka binne safaya a tsaye da bel a tsakiyarta, muka tattake. Haƙar ta ci awa ɗaya da rabi, jan bai kai minti goma ba. Tono tayar daga baya ya fi binne ta wuya. Na dawo gida ina jin kaina, musamman da na tuna mai tarakta.

A hanyar dawowa mun ratsa ruwa har saman bamba, moton kuma da sauran zafinsa.

Yau na kunna shi na ji sautin ya sauya, kamar mai mura. Na kwance murfin bayan moton, sai ruwa ya zubo, ya kai rabin kofin shayi, ja da tsatsa. Kwana uku yana ciki. Sifirin ɗin burushi har sun fara yin ja.

Na kai wa dattijon ina faɗa, na ce duk gam ɗin da na sa? Ya ce, "Gam ɗin naka ne ya riƙe shi. Ƙarfe mai zafi in ya shiga ruwa iskar cikinsa takan tsuke, sai ya zuƙo ruwa ta sil ɗin ganga, inda gam ba ya zuwa. Da can yana shiga yana fita. Kai ka rufe masa ƙofar fita." Ban da abin cewa.

Muka busar da shi da iska da rana. Ya huda murfin ta sama ya sa ɗan bututu, muka ja siririn tiyo har cikin bonet don ya riƙa numfashi daga can, kamar yadda ake yi wa aksil. Ta ƙasa kuma ya yi ƙaramin rami da noti, wanda zan riƙa kwancewa duk ranar da na shiga ruwa. Ɓangaren giya ma na leƙa. Ruwa kaɗan ya shiga, giris ɗin gefe ya yi fari, na kwashe na sa sabo.

7 ga Satumba

Asabar ta farkon wata. Na warware, na naɗe, sauti daidai. Na kwance notin ƙasa, ko ɗigo. Sau biyu na ratsa ruwa tun gyaran Agusta.

Abin da ya rage: hannun sakin ganga ya fara tauri, ina zargin laka ta shiga ƙarƙashin zoben robarsa. Soket ɗin rimot yana yanke wuta in an motsa wayar, zan ɗauke shi daga bamba in kai cikin mota. Lanƙwasar nan da na yi wa alama ta fitar da sili biyu, don haka igiyar ba za ta ga damina mai zuwa ba. Sai an sayar da shinkafa. Batir ma da safe 12.3 yake nunawa, zan kai a auna shi ranar Litinin.